Yadda ake neman diyya idan allurar mura ta lahanta kafaɗa

Ciwon hannu na kwana ɗaya ko biyu bayan allurar rigakafin mura ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ake neman diyya a kansa shi ne wanda aka soka allurar can sama, ta kauce wa tsokar damtse ta shiga jakar ruwan da ke ƙarƙashin ƙashin kafaɗa, har mutum ya wayi gari ba ya iya ɗaga hannu ya yi kabbara, mace kuma ɗaurin kallabi ya gagare ta sai 'yarta ta kama mata. Likitoci suna kiran wannan rauni SIRVA, kuma kuskuren hannun mai allura ne.

Abu na farko shi ne takarda. A Birnin Kebbi ko Argungu an saba shafa man zafi, in abin ya ƙi a nufi gidan mai ɗori, sai bayan wata biyu a tuna da asibiti. Babu alƙalin da zai karɓi shaidar man zafi. Ka ga likita a makon farko, ka tabbata ya rubuta ranar da aka yi allurar, da hannun da aka yi wa, da lokacin da ciwon ya fara, da cewa kafaɗar lafiyarta lau kafin nan. Ka adana katin rigakafi, da sakamakon hoton kafaɗa, da rasidin kowane gashin ƙashi da magani, ko da na naira ɗari biyar ne.

Inda aka yi allurar shi ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Idan ɗanka ko ƙanwarka suna karatu ko aiki a Amurka aka yi musu a can, akwai asusun diyya da dokar 1986 ta kafa, wanda ake tara kuɗinsa daga harajin da aka ɗora wa alluran rigakafi, wanda a kan kowace allurar mura santi 75 ne. Tun 2017 wannan rauni yana cikin jadawalin raunukan da asusun ya amince da su, saboda haka idan takardu sun nuna ciwon ya fara cikin awa 48, kuma bai wuce kafaɗar da aka yi wa allurar ba, ba sai an tabbatar da sakacin kowa ba. Sharaɗi ne ciwon ya haura wata shida, ko kuma ya kai ga kwanciya asibiti da tiyata. Ana shigar da koken a kotun tarayya ta da'awar kuɗi da ke Washinton cikin shekara uku daga ranar da ciwon ya fara, ba daga ranar da likita ya gano shi ba, kuma a nan ne masu jinkiri suke yin asara. Diyyar raɗaɗi ba ta wuce dala 250,000, ban da kuɗin magani da albashin da aka rasa. Asusun ne ke biyan lauya, don haka duk wanda ya nemi kaso daga diyyar abin tuhuma ne.

A gida kuwa, kamar maniyyacin da aka yi wa allura kafin tashi, hanyar ta fi tsawo, domin wajibi ne a nuna sakaci. Ka fara da asibitin da aka yi allurar, ka nemi a cika fom ɗin illar rigakafi, ka karɓi kwafinsa, sannan ka sanar da NAFDAC ta manhajar Med Safety. Wannan rahoto ba ya kawo kuɗi, amma shaida ce mai kwanan wata. Daga nan lauya zai rubuta wa asibitin takardar neman sulhu, in an ƙi sai babbar kotun jiha. Idan asibitin na gwamnati ne kada ka kwana a kan maganar, domin dokar kare jami'an gwamnati tana iya taƙaita wa'adin ƙara zuwa wata uku kacal.