Darasi na 7: Manhajar lafiyar nan ta ƙosa kuwa, ko har yanzu ɗanya ce?

Jama'a, yau darasinmu kan manhajojin lafiya ne, irin waɗanda ake sawa a waya, wata ta tuna wa mai juna biyu ranar awo, wata ta ajiye bayanan majinyaci, wata ma ta haɗa ka da likita ta bidiyo. To amma fa ba kowacce ce ta ƙosa ba, kuma kyan fuska a sikirin ba ya nuna komai.

Akwai ma'auni. Hukumar NASA ta Amurka ce ta faro shi a shekarun 1970 don kayan sararin samaniya, yanzu matakai 9 ne, na 1 tunani ne kawai a takarda, na 9 kuwa abu ya yi aiki a fagen gaske. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata mai matakai 6: ana tsarawa tukuna, sai samfurin farko, sai gwaji a ɗan ƙaramin wuri, sai gwaji mai faɗi, sai a yaɗa ta, na ƙarshe ta shige cikin tsarin lafiya ta zauna daram.

Mataki na 3 cikin shidan nan nake so mu tsaya a kai, don nan ne ake ruɗuwa. Lokacin ɗan ƙaramin gwajin nan masu manhajar suna tsaye a kanta, su ba ma'aikata waya, su sa musu data, in ta lalace a daren nan za a gyara, dole ai ta yi kyau. Sai kuɗin tallafi ya ƙare, wayar nas ta fashe ba mai sauyawa, wanda aka koya wa aikin an canza masa wurin aiki, shi ke nan an koma biro da rajista, bayanan marasa lafiya kuma sun maƙale a ciki. Wallahi wannan yana damuna, don amanar mutane ce. Abin ya yi yawa a Yuganda har a 2012 gwamnati ta dakatar da sababbin gwaje-gwajen lafiya ta waya sai an daidaita su. Jamus kuwa ta yi doka a 2019, likita zai iya rubuta wa mutum manhaja kamar magani, amma sai ta kawo hujjar tana da amfani, in babu a ba ta rajistar wucin gadi ta shekara 1 ta nemo.

Aikin gida: zaɓi manhajar lafiya ɗaya da ka sani, ka rubuta amsa a littafinka. Mutum nawa aka gwada ta a kansu, a ina? Tana aiki in babu netwok? Wa ke ganin bayananka, wa zai biya kuɗin gyara baɗi? Sai ka rubuta matakin da kake ganin take, daga 1 zuwa 6, ka zo da shi aji.