Gano inda kebul ɗin ƙarƙashin ƙasa ya lalace, ta amfani da tsofaffin na'urori

Kafin a ɗauki diga a hau haƙa, a fara aunawa. Tsohuwar Megger mai hannun juyawa, na'urar gwada ko rufin waya yana yoyon wuta, za ta nuna wayar da ta lalace, gadar Wheatstone kuma, na'urar auna turjiyar waya ga wuta (ohm), ta nuna nisan wurin.

Kashe wuta, ka kwance kebul ɗin a bakinsa biyu, ka tabbatar babu wuta a jikinsa. Sai ka gwada Megger ɗin kanta: haɗa wayoyinta biyu ka juya hannu, allura ta sauka sifiri, raba su, ta tafi ƙarshen ma'auni. In ba ta yi haka ba, ajiye ta.

Auna kowace waya da ƙasa, sannan waya da 'yar'uwarta, a kan volt 500, kana juyawa ba tsayawa har minti 1. Abin da bai kai megohm 1 (ohm miliyan ɗaya) ba, akwai matsala. Bayan kowane awo, haɗa wayar da ƙasa ta sauke caji, domin dogon kebul yana riƙe wuta, kuma zai fizge ka.

In waya ɗaya ce ke yoyo zuwa ƙasa, ana bin dabarar Murray. A can ɗaya bakin, haɗa mai matsalar da lafiyayya mai kauri ɗaya da ita. Guntuwar wayar haɗin ta zama mai kauri, a kankare ta, a ɗaure tamau. Nan ne aka fi yin kuskure: haɗi mai tsatsa yana ƙara ohm, lissafi ya kauce, a haƙa inda babu komai.

Gadar tana da hannaye biyu da ake saita ohm ɗinsu, P da Q. A naka bakin, hannun gada P ya tafi kan lafiyayyar waya, Q kan mai matsalar, galbanomita (mita mai allura da ke nuna ɗan ƙaramin gudun wuta) tsakanin wayoyin biyu, batir kuma tsakanin mahaɗar P da Q da ƙasa. Daidaita P da Q har allurar galbanomita ta tsaya tsakiya. Ninka tsawon kebul sau biyu, ka ninka da Q, ka raba da jimlar P da Q. Kebul mai mita 200, P ya ba da 700, Q 300: matsalar tana mita 120 daga inda kake. Koma ɗaya bakin ka maimaita. Ya kamata ka sami mita 80. Kuma tsawon kebul ɗin ake nufi, har da lauje-laujensa da rarar da aka naɗe a rami, ba nisan da ka taka da ƙafa ba.

In allurar galbanomita ta yi sanyi, da kyar take motsi, yoyon ƙarami ne, batirin bai isa ba.

Wayar da ta tsinke kuwa, gada ba za ta gan ta ba. Sai TDR, na'urar da ke tura sigina cikin waya ta nuna dawowarsa a allo, irin tsohuwar Tektronix 1503: tsinkewa tana ɗaga layin allo sama, haɗewa tana sauke shi ƙasa. Saita saurin sigina daidai da kebul ɗin tukuna, misali 0.66 na saurin haske ga kebul samfurin RG-58, in ba haka ba nisan da za ta nuna ƙarya ne.