Kurakuran masu koyon ɗinkin hannu: waɗanda ake tsefewa da waɗanda ba su tsefuwa

Mai koyon ɗinkin hannu, ko na hula ne, ko surfanin bakin mayafi, ko aikin aljihun riga, duk tsoronsa a kan allura yake: kar layi ya karkace, kar wani ɗinki ya fi ɗan'uwansa tsawo. Wannan kuwa ƙaramin abu ne. Ɗinkin da ya karkace da bakin allura ake tsefe shi, a sake. Abin da ke kashe aiki ɗungurungum yakan faru ne tun ba a zura zare a kafar allura ba, ko kuma bayan an gama, ranar wankin farko. Da waɗannan ya kamata a fara, domin ba su da gyara sai haƙuri.

Na farkonsu zaren da ke zuba. Shiga Babbar Kasuwar Sakkwato wurin masu kayan ɗinki, ka ɗauki jan zare ka ce, "Alhaji, wannan yana zuba?" Amsar ɗaya ce a kowace rumfa: "Haba Malam, wanga ba shi zuba." Ba lalle ƙarya yake yi ba, shi ma sarowa ya yi, bai taɓa jiƙa shi ba. Gwajin naka ne. Ka yanki kamar rabin kamu, ka jiƙa a ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ka naɗe cikin farin ƙyalle, ka matsa sosai, ka ajiye na awa guda. Idan ka warware ka ga ko da ɗan ja-ja a ƙyallen, wannan zaren ba na farin yadi ba ne. Ja, baƙi, shuɗi mai duhu da kore su suka fi yin haka. Jiƙa zare a ruwan gishiri da ake ta faɗi bai cika hana rinin kamfani zuba ba, kar ka dogara da shi. In kuwa an riga an yi aikin, aka wanke, launi ya fara malala, kar ka shanya, kar ka kusanto da dutsen guga. Ci gaba da ɗauraya a ruwan sanyi, kana canza ruwa, har ya fito garau. Zafi ne ke zaunar da tabon.

Ka kuma sayi zaren da zai ishe ka a lokaci guda. Zarurrukan kamfani irin su DMC da Anchor suna da lambar launi a takardar da ke jikinsu, kowane ƙulli mita 8 ne. Adana takardar. Zaren da ba shi da lamba kuwa, in ya ƙare maka a tsakiyar hula, wanda za ka samo bayan wata guda da wuya ya zo daidai, kuma bambancin da ba ka gani a ɗaki zai fito fili a filin Idi. Shi ya sa ma zaɓen launi a hasken rana ake yi, ba a ƙarƙashin fitilar caji ba.

Sai yadin kansa. Auduga tana tsukewa a wankin farko, zaren da ka ɗinka kuma ba lalle ya tsuke tare da ita ba, sai aikin ya tattare, ba gugar da za ta miƙar da shi. Farin yadi ko na rigar filo, wanke shi, ka goge, sannan ka zana. Shadda ce ke da gardama, tunda mai ita ba ya son ta rasa ƙyallinta kafin a ga rigar a jikinsa. A nan sai dai ka yanki ƙyalle daga ragowar da tela ya bari, ka auna shi, ka wanke, ka sake aunawa, ka san da abin da kake aiki.

Zane da biro shi ne kuskuren da ya fi ba ni haushi, don an fi yin sa, kuma ya fi sauƙin kaucewa. Mutum ya ce ai zare zai rufe layin. Ba ya rufewa duka. Kullum akwai lungun da hannu ya ɗan kauce, shuɗin layi ya leƙo, in aka wanke kuma tawadar ta bazu cikin zaren. Magabata ba haka suka yi ba. Tun bayan jihadin 1804, babbar riga mai aiki na cikin abin da Sarkin Musulmi da sarakunan Daular Usmaniyya ke girmama mutum da shi, kuma ba hannu ɗaya ke yin ta ba: masaƙi daban, mai haɗa ƙore, wato siraran layukan saƙar, daban, mai zana aska biyu ko aska takwas da tambari daban, mai bin zanen da allura daban. Masu zanen galibi malamai ne da hannunsu ya saba da alƙalami da tawada, tawadar allo kuwa ta gawayi da ƙaro ce, ruwa ke ɗauke ta. Darasi biyu ke nan. Yi zane da abin da ke wankuwa: fensir mai tsini a farin yadi, alli ko siririn guntun sabulu a mai duhu. Sannan zane sana'a ce mai zaman kanta, ba abin kunya ba ne ka kai wa wanda ya iya ya zana maka, ko ka fara gwadawa a takarda sau da yawa. Alƙaluman zamani da ake sayarwa su ma sai an karanta jikinsu. Mai gogewa da ruwa, in ka yi guga kafin ka wanke, zanen na iya zama daram. Mai gogewa da zafi kuma yakan ɓace a wajen digiri 60, wato in ka manta aikinka cikin motar da aka kulle a rana a watan Afrilu, kana iya dawowa ka tarar da yadi fes, ba zane.

Yanayin garin nan na Sakkwato ma yana da nasa hannun a ɓarnar. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gumin tafin hannu na shiga farin zare a hankali, ba ka lura sai ka gama, ka ga inda ka fara ya yi ruwan ƙasa, inda ka ƙare fari tas. A hunturu kuma yatsu su yi kaushi, siliki ya riƙa maƙalewa yana tsefewa, mutum ya shafa basilin ko man kaɗe ya ɗauki aiki, ga tabon maiƙo. Shafa man da dare kafin kwanciya, da safe ka wanke hannu ka tsane sosai. Ajiye jiƙaƙƙen tawul kusa don goge gumi, ka rufe ɓangaren da ka gama da farin ƙyalle, in ka tashi ka saka aikin cikin tsohuwar rigar filo saboda ƙura. Mai cin goro ya ci ya gama kafin ya zauna.

To, sai kurakuran allurar, waɗanda ake tsefewa. Babbansu jan zare da ƙarfi. Ka zauna kusa da tsohon maɗinki a zaure yana koya wa yaro, ba za ka ji dogon bayani ba. Zai karɓi hular, ya shimfiɗa ta a gwiwarsa, ya bi bayan ɗinkin da babban yatsa, inda yadin ya yi tudu-tudu ya tsaya, ya ce, "Yaro, sassauta hannu, ba daga rijiya kake jawo shi ba." Zare kwanciya yake yi a kan yadi. Da zarar ya kwanta, tsaya. Masu aiki da zoben katako ko na roba su ɗame yadin har ya yi kamar fatar ganga, amma su cire zoben duk lokacin da suka ajiye aiki, in ba haka ba zai bar da'irar datti da karaya. A hula, jan zare har girmanta yake ragewa: ka auna kai inci 23, ka gama aiki ka ga ta koma ta yaro. Bar ɗan rara tun wurin yanka, ka riƙa aunawa kana tafiya.

Dogon zare ma wahala ce. Mai ƙyuyar zura allura yakan yanko gaba guda, sai ya yi ta murɗewa yana ƙullewa, ƙarshensa ya yi gashi-gashi don yawan ratsa yadi. Kamu ɗaya ya isa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Siliki ma a rage. In ya fara murɗewa, saki allurar ta yi lilo, zai warware da kansa. Zaren auduga mai sili 6 ba a ɗinka shi haka nan a aiki mai laushi: zaro silin ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa biyu ko uku, za ka ga yadda yake kwanciya sumul. Allura ta dace da kaurin zaren. In sai ka yi ta fizga kafin ta wuce, ta yi ƙanƙanta. In tana barin rami, ta yi girma. A jikin fakiti, yawan lamba shi ne sirantaka. Yatsan da ke tura ta kuma, ɗan guntun jar fata daga wurin dukawa ya ishe shi kariya.

Wurin cike fili, ɗinkin da ya wuce santimita ɗaya yakan yi sako-sako, farce ko agogo ya kama shi. Raba filin gida-gida. A baya kuma kar ka tsallaka da baƙin zare daga wannan fure zuwa wancan, ana hango shi ta cikin farin yadi. Soka ƙarshen ƙarƙashin ɗinki uku ko huɗu, ka yanke, ka fara sabo.

Akwai daɗi a wannan aiki da bai kamata a ɓata ba: zaman hantsi a inuwar dogon yaro, rediyon Rima na magana, hannu na tafiya, ka ɗaga kai ka ga dagin da jiya layin fensir ne yau ya cika. Mai ɓata shi shi ne wanda ya ɗauko babbar riga a tsakiyar azumi ya ce da ita zai yi Sallah. Aikin hannu na riga watanni yake ci a hannun gwanaye ma. Sauri ya haifi nawa: za a kwana ana ɗinki a hasken waya, wuya ya ƙage, ido ya yi ja, da safe a tsefe rabin abin da aka yi. Fara da hankici ko aljihun kaftanin yaro, abin da za ka ga ƙarshensa cikin mako biyu.

Ranar wanki, ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ba bilic, ba cuɗawa, ba murɗawa. Naɗe a tawul ka matse ruwan, ka shanya a inuwa. Guga ta baya ake yi, a kifa fuskar aikin a kan tawul mai laushi don kar zaren ya baje. Hula kuwa in za ka kai wa masu wankin hula, gaya musu sabuwa ce, wankinta na farko ke nan, su ware ta daga sauran, kuma su tausaya mata wurin buroshi.