Yadda na gyara firintar kala da ke fitar da aiki dabbare-dabbare

Shagon kwafina yana wani ƙauye kusa da Ringim. A watan Agusta, ana tsakiyar marka, aka kawo mini katin ɗaurin aure guda 200. Ina bugawa sai kalar ta riƙa fitowa dabbare-dabbare, wani wurin fari fat. Na ɗauka tona, wato garin kalar da firinta ke bugu da shi, ce ta ƙare, har na aika Kano aka sayo mini sabuwa. Asarar kuɗi kawai, domin ba abin da ya canza.

Da na buɗe injin sai na ga hoton kwance tsaf a kan bel ɗin da ke kai hoto ga takarda. Firintar leza mai kala tana da garin tona huɗu: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Kowanne yana sauka daga duram ɗinsa zuwa kan bel, sannan wata rola mai cajin lantarki ta janyo hoton zuwa takarda, hita ta narkar da shi ya manne. Ashe a wajen rolar nan ake samun tangarɗa. Takardar da ta sha laima ba ta riƙe caji, sai garin ya ƙi kamawa.

Na shafa rim ɗin takardar da nake bugawa, sanyi ƙalau, gefensa har ya lanƙwashe. Yarona ne ya ajiye shi a ƙasa, jikin bangon da ke tsatsafo.

Na fasa sabon rim, na goge rolar da busasshen ƙyalle. Bel kuwa ban taɓa shi da yatsa ba, maiƙon hannu yana ɓata shi. Katin farko ya fito tas. Yanzu takarduna suna cikin leda a kan kanta.