Kuɗin Karatu a Ingila: Abin da Ya Kamata Sabon Zuwa Ya Sani Tun 'Ya'yansa Suna Ƙanana

Duk wanda ya sauka a Ingila, ko da iyali ya zo ko karatu ya kawo shi, ba zai yi wata guda ba sai ya ci karo da kalmar tuition, a takardar jami'a, ko a allon wani shago a bakin titi, ko a bakin iyaye a ƙofar makaranta. A wurin mutanen ƙasar ma'anarta koyarwa ce, musamman wadda ake biya, saboda haka ta haɗa abubuwa biyu da muka raba a gida: kuɗin makarantar da jami'a ke karɓa, da kuma lesin, wato malamin da ake ɗauka ya ƙara wa yaro karatu bayan an tashi. Amurkawa kuwa idan suka faɗe ta kuɗin kaɗai suke nufi. A fuskoki biyun nan mutanenmu suna shan wahala, kuma mafi yawanta da an yi tambaya da wuri da ba a sha ta ba.

Firamare da sakandare ba su da wata matsala. Makarantar gwamnati kyauta ce ga yaron da ya shigo a kan bizar iyayensa, ta hannun hukumar ƙaramar hukuma ake neman gurbi, abin da za a saya bai wuce kayan makaranta da takalmi ba. Sauƙin nan shi ne yake rudar iyaye, su ɗauka haka al'amarin zai ci gaba har ƙarshe.

A ƙofar jami'a ake raba ɗalibai gida biyu, ɗan gida da ɗan waje. A shekarar karatu ta 2025 gwamnati ta ƙayyade wa ɗan gida fam 9,535 a shekara a digirin farko, bayan kuɗin ya tsaya a kan 9,250 tun 2017, kuma yana da damar karɓar bashin gwamnati wanda ba zai fara biya ba sai albashinsa ya kai wani mizani. Shi ɗan waje ba a yi wa jami'a iyaka a kansa ba. Kwas ɗin da ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje yakan fara daga fam dubu goma sha wani abu, injiniya yakan haura dubu ashirin, likitanci kuma ya zarce haka nesa, kuma babu bashin gwamnati. Abin da yawancin iyaye ba su sani ba shi ne, karatun sakandare a Ingila ba ya mayar da yaro ɗan gida, biyan harajin mahaifinsa ma ba ya mayar da shi. A ƙa'ida ta gama-gari ana duba abubuwa biyu: ko yaron yana da izinin zama na dindindin, wanda ake kira ILR, da kuma ko ya zauna a ƙasar bisa doka shekara uku cif kafin ranar farko ta shekarar karatu, wadda ita ce 1 ga Satumba ga kwasa-kwasan da ake farawa da kaka. Zaman kuma kada ya kasance karatu ne babban dalilinsa.

Sai a yi lissafi. Ma'aikaciyar jinya ta shigo da ɗa mai shekara goma sha biyar a kan bizar aiki, wadda sai an yi shekara biyar a kanta ake neman ILR. Yaro zai rubuta jarrabawar sakandare ta GCSE yana da sha shida, ya gama A-level, wato karatun shekara biyu da ake shiga jami'a da sakamakonsa, yana da sha takwas, ya ci da kyau, jami'a ta ɗauke shi, sannan ta turo masa takardar kuɗi ta ɗan waje, alhali saura shekara biyu uwarsa ta cancanci neman takardar dindindin. Na ga gidajen da suka ci bashin adashe don a fara, suka kasa biyan shekara ta biyu, yaro ya dawo gida da rabin digiri. Da sun yi shawara, da an ce musu ya jinkirta shiga, ya yi aiki ya jira takarda. Akwai wata ƙofa ga yaran da suka daɗe a ƙasar, wadda aka buɗe bayan ƙarar da wata ɗaliba 'yar asalin Zambiya ta yi nasara a kanta a Kotun Ƙoli a 2015: wanda bai kai sha takwas ba kuma ya yi shekara bakwai a ƙasar, ko wanda ya kai sha takwas kuma ya yi rabin rayuwarsa a cikinta. Wannan ba ta da amfani ga wanda ya zo jiya. Ga shi kuma a 2025 gwamnati ta bayyana niyyar tsawaita shekarun jiran ILR, don haka kowa ya duba dokar da ke aiki a ranar da yake lissafi. Ƙungiyar UKCISA, mai ba ɗaliban ƙasashen waje shawara, tana wallafa sharuɗɗan dalla-dalla kyauta, kuma na Sikotilan sun bambanta da na Ingila.

Ko wanda ya cika sharaɗi sai ya kawo shaida, kuma a nan ne zaman raɓe yake cutar da mu. Jami'a takan aiko da fom ta nemi duk adireshin da aka zauna cikin shekaru ukun nan, wata bi wata, tare da hujja. Lokacin da babbar 'yata ta kai wannan mataki, na zazzage kwalin takalmin da muke tara wasiƙu a kan tabarma, muna jera su bisa kwanan wata, takardar harajin gida nan, ta lantarki can, sai muka tarar da giɓi a farkon zuwanmu, lokacin da muke zaune a wani gida wanda mai shi ya ƙi rubuta mana yarjejeniyar haya, a hannu yake karɓar kuɗinsa. Wasiƙar rajistar asibitin unguwa da ta makarantar yarinyar ne suka cike wurin. Don haka ina jin haushi idan na ji sabon zuwa yana murna wai ya samu ɗaki mai araha ba tare da takarda ba. Ɗan'uwa, ka sa sunanka a yarjejeniya, ka yi wa kowane yaro rajista da likita a makon farko, kada ka jefar da wasiƙar hukuma ko guda.

Masu zuwa karatu da kansu su ma su ji. Abin da aka biya kafin jami'a ta ba da lambar CAS, wato shaidar ɗauka da ake neman bizar ɗalibi da ita, kafin alƙalami ne kawai, ragowar tana nan tana jira da wa'adinta. Waɗanda suka yi lissafi da tsohon farashin naira sun ga abin da ya faru bayan an sake ta a Yunin 2023, har a 2024 BBC ta ba da labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da aka umarta su bar ƙasar saboda sun gaza biya a kan lokaci. Jami'a ce ke ɗaukar nauyin bizarka, idan ta cire sunanka dole ta sanar da ma'aikatar cikin gida. Aikin awa ashirin a mako ba zai biya haya da abinci da kuɗin makaranta ba. Wanda ya ga alamar zai makara, ya je ofishin kuɗi tun wa'adi bai cika ba ya nemi a rarraba masa, domin shiru shi ne abin da ba sa yafewa.

Batun lesin kuwa, babu hukumar da ke ba malamin gida lasisi, kowa yana iya buga talla ya ce shi malami ne, kuma awa ɗaya takan ci fam talatin ko fiye. Ka nemi ganin takardar DBS, wadda ke nuna an binciki tarihin mutum, kuma a yi karatun a falo inda ake gani. Inda lesin yake da tasiri sosai shi ne jarrabawar 11-plus ta shiga makarantun girama, wato sakandaren gwamnati da ke zaɓen ɗalibai ta jarrabawa, waɗanda ake da su a wurare kamar Kent da Bakingamsha da Birmingham. A farkon aji shida ake rubuta ta, rajista kuma tun ana aji biyar, iyayen da suka jira makaranta ta tuna musu sukan tarar an rufe. A wannan fanni ina alfahari da jama'armu, domin akwai likitoci da injiniyoyi da ke ba da safiyar Asabar ɗinsu suna koya wa yara lissafi a ɗakin islamiyya ba tare da karɓar ko sisi ba. Sabon zuwa ya fara tambaya a masallaci kafin ya kai kuɗinsa shago.

Ɗalibin da ya iya lissafi kuma yake son ya riƙa yi wa 'ya'yan maƙwabta lesin ana ba shi na kashewa, ya sani bizar ɗalibi ta haramta sana'ar kai, ko da awannin ba su kai ashirin ba, ko da a hannu aka ba shi. Idan yana son koyarwa, ya nemi cibiyar da za ta ɗauke shi a matsayin ma'aikaci, ta sa shi a jerin albashi tana cire haraji, ya kuma karanta kwantiragin da kyau, domin da yawa daga cikin kamfanonin intanet a matsayin mai zaman kansa suke rubuta malami.