Yadda za ka bi sigina a lojik get na na'urar auna nisa ta ultrasonik (sautin da ya fi ƙarfin jin kunne)

Idan na'urarka tana nuna lamba ɗaya tak ko ka matso da hannu ko ka ja baya, ko kuma lambobin sai tsalle suke yi, don Allah kar ka fara da cire aisi (IC, ƙaramin cif mai ƙafafu da get ke ciki). Yawanci get ɗin, wato da'irar da ke fitar da 1 ko 0 bisa abin da ya shigo mata, lafiyarsa ƙalau, abin da ke shiga ƙafafunsa ne ba daidai ba.

Ka fara riƙe tafiyar siginar a kanka. Osileta, mai samar da sigina mai hawa da sauka, na ba da 40kHz, get ya buɗe mata hanya na ɗan lokaci ta wuce transdusa mai turawa (mai mayar da sigina sauti), a lokacin nan lac (da'irar da ke riƙe 1 ko 0 har a juya ta) ya tashi, kaunta mai ƙirga bugun agogo ta fara ƙirga, sauti ya bugi abu ya dawo, transdusa mai karɓa ta ji shi, amfilifaya ta ɗaga shi, komfareta ta mayar da shi 1 ko 0, ya sauke lac, ƙirga ta tsaya. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan idan zafi 20°C ne, zuwa da dawowa kenan wajen maikrosakan 58 a kowace santimita. Shi ya sa ake saita agogon ƙirga kusa da 17.15kHz, bugu ɗaya santimita ɗaya.

Wuta tukuna. Ka ɗora mita a kan ƙafa ta 14 (wuta) da ta 7 (giraun, wato 0V) na aisin kansa, ba a bakin batir ba, ka ga ko 5V ta iso. Sannan kowane aisi ya samu kafasita 100nF dab da ƙafafun wutarsa, in babu ita duk sanda transdusa ta buga sai layin wuta ya girgiza lac ya juya da kansa.

Wani abu da ke ruɗa mutane sosai, ka auna fitar osileta da mita ka ga 2.5V ka ce get ya lalace ya tsaya a tsakiya. A'a, mita matsakaici take nuna maka, sigina ce ke hawa da sauka duk maikrosakan 25. In kana da osiloskof ko lojik analaiza ka yi amfani da shi, in babu ka juya mita zuwa wajen Hz. Kuma ka tabbata 40kHz ɗin ce da gaske, transdusa in ka kauce mata da 2kHz ko 3kHz ƙarfinta faɗuwa yake yi warwas.

Sai ƙafafun da aka bari a sake, nan ne nake so ka daɗe. Aisi irin CD4011 ko 74HC00 get huɗu ne a ciki, ka yi aiki da biyu ka bar biyu haka nan, to shigarwar CMOS, wato irin waɗannan aisi, ba ta zama a 0 don kawai ba ka haɗa ta da komai ba, duk hayaniyar da ke kusa kwasa take yi, aisi ya riƙa cin wuta yana watsa datti a sauran get. Gwajin mai sauƙi ne, kawo yatsa kusa da aisin, in lambar ta canza akwai ƙafar da ke lilo. Ka ɗaure duk shigarwar da ba ta aiki zuwa giraun ko 5V, fitarwa kuwa ka bar ta a sake.

Ka kula kuma, CD4011 da 74HC00 duk NAND ne (get ɗin da ke fitar da 0 kawai idan duk shigarwarsa 1 ce) amma jerin ƙafafunsu ba ɗaya ba. A 74HC00 ƙafa ta 6 fitarwa ce, a CD4011 ta 4 ce fitarwa. Ka musanya su ba ka duba datashit ba, aikin ya tsaya.

Tsakanin amfilifaya da get ma ana samun matsala. CD4011 a kan 5V sai ya ga 3.5V zuwa sama yake yarda 1 ce, ƙasa da 1.5V kuma 0. Amfilifayar LM358 kuwa a kan 5V iyakar hawanta wajen 3.5V ne, a bakin gaɓa kenan, yau ta yi gobe ta ƙi. In LM393 ce komfaretarka, fitarta ba ta iya hawa da kanta, dole ka sa rezisto kamar 10k daga fitar zuwa 5V. In siginar na hawa a hankali, CD4093 ya fi dacewa, Schmitt ne, wato yana juyawa tsaf ko siginar na hawa a hankali, kuma ƙafafunsa iri ɗaya da na CD4011.

Idan kullum nisa ɗan kaɗan take nunawa, mai karɓa ne ke jin mai turawa kai tsaye kafin amsa-kuwwa ta dawo. Ka toshe siginar komfareta da get ɗaya na kusan milisakan 1 bayan an tura, za ka rasa santimita 17 na farko amma sauran awon zai daidaita. Lac na NAND da 0 ake taɓa shi, don haka ƙafafun shigarsa biyu su zauna a 1 lokacin hutu, in ka ga fitarwa biyun duk a sama to duka shigarwar ne ke ƙasa tare.

Daga nan ka fuskanci bango mita 1 daidai, ka auna tsawon lokacin da lac ke sama. In ka samu kusan milisakan 5.8 ɓangaren get ya gyaru, lambar da ba daidai ba daga agogon ƙirga ko kaunta take.