Istirojin da idon mace: kurakuran da aka fi yi

Istirojin, ɗaya daga cikin sinadaran jikin mace da ke tafiyar da al'ada da goyon ciki, yana taɓa ido ma: fatar gaban ido mai kama da gilashi, da ƙananan kafofin gefen fatar ido masu fitar da maiƙon da ke hana hawaye saurin bushewa.

Kuskure mafi yawa shi ne na maganin ɗigawa. Bayan ɗaukewar al'ada, wajen shekara 50, istirojin ya ragu, mace ta ji kamar an zuba mata yashi a ido, ga zafi ga hawaye, musamman da hunturu. Sai a nufi kemis a sayo mai ɗauke da dexamethasone, wani maganin rage kumburi mai ƙarfi, jan idon ya baje cikin kwana biyu, a ci gaba da ɗigawa wata da watanni. Irin wannan magani yana jawo hawan jinin ido da yana, kuma ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa. Yawancin lokaci abin da ke damun ta tun farko bushewar ido ce, hawayen nan ma alamarta ne. Ki jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, ki ɗora kan idon a rufe minti 5 zuwa 10, safe da dare, sannan ki goge gindin gashin ido. Ki ɗiga hawayen roba, wato maganin ɗigawa mai jiƙa ido, har sau 4 a rana. In za ki wuce haka, ki nemi wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba. Kwalli kuma a daina zizara shi ta cikin gefen fatar ido, nan ne bakin kafofin maiƙon.

Wani kuskuren shi ne sauya tabarau ana da ciki. Fatar gaban ido tana riƙe ruwa ta ɗan yi kauri, gani ya canza, yawanci ya koma daidai bayan haihuwa. A jira 'yan watanni kafin a yi sabon awo.

Amma kada a jingina wa ciki komai. Dishi-dishi ko walƙiya a ido tare da ciwon kai da kumburin fuska, bayan mako 20, na iya zama hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. Asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Mai ciwon suga ta je a duba mata bayan ido tun watanni ukun farko.

Wadda ciwon kan ɓari ɗaya ke fara mata da walƙiya ko layuka masu kyalkyali kada ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin, don tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a ba ta marar istirojin.